Sharhi kan Sashen Ƙashin Yara da Ya Yi wa Ɗiyata Tiyatar Karayar Gwiwar Hannu

Watanni biyar ke nan da ɗiyata mai shekara shida ta faɗo daga kan lilo da yammacin wata rana, ta tokare ƙasa da tafin hannunta na hagu, ƙashin damtsenta ya karye dab da gwiwar hannu. Na jinkirta wannan sharhi da gangan har sai da aka zare ƙarafan da aka sa mata, aka kwance filasta, hannun ya koma bakin aikinsa, domin duk wanda ya yabi asibiti ko ya kushe shi a daren da ya kai ɗansa, firgicin da ke ransa ne yake magana. Yanzu da hankalina ya kwanta, ina iya rarrabe inda sashen ƙashin yara na asibitin ya yi abin a yaba da inda ya gaza, kuma duka biyun akwai su.

Mun isa sashen gaggawa wajen ƙarfe shida na yamma. Hannun ya kumbura ya karkace, kuma a gaban gwiwar akwai wata 'yar loɓawa a fata wadda jini ya kwanta a ƙarƙashinta, kamar an ja fatar da zare daga ciki. Magatakardan da ke teburin rajista ya nace sai na cika takardu kafin a duba ta, ni kuwa hannuna yana rawa ban ma iya riƙe biro da kyau ba. Wata ma'aikaciyar jinya da ta zo wucewa ta hangi hannun, ta ce da ni, "Baba, ajiye takardun nan, shigo da ita tukuna." Daga baya na fahimci dalilin hanzarinta: wannan loɓawar alama ce ta cewa tsinin ƙashin da ya karye ya huda naman da ke gabansa har ya kamo fata, kuma ta wannan wurin ne babbar jijiyar jinin hannu take wucewa.

Likitan da ya fara duba ta matashi ne, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne bai taɓa gwiwar ba sam. Ya laluba bugun jini a wuyan hannunta, ya danna farcenta har ya yi fari, ya saki, ya ƙirga lokacin da jan jinin ya ɗauka kafin ya dawo, wanda bai kamata ya wuce daƙiƙa biyu ba. Sannan ya mayar da sauran binciken wasa: ta ɗaga babban yatsa, ta ware yatsunta, ta haɗa kan babban yatsa da na manuniya su yi zobe. Kowane motsi yana gwada ɗaya daga cikin manyan jijiyoyi uku na ji da motsi da suke ratsa gwiwar hannu. Biyun farko ta yi su tana kuka, amma zoben ya gagare ta, domin gaɓar ƙarshe ta yatsun biyu ta ƙi lanƙwasuwa, sai suka haɗu a miƙe kamar mai tsintar ƙwaya. Likitan ya kira ni ya nuna mini wannan da idona, ya rubuta a fayil tare da lokacin da ya gani. A daren ban ga muhimmancin hakan ba, amma da bai yi ba, da na wayi gari bayan tiyata ina zargin likitan fiɗa da lahanta jijiyar da faɗuwar ce ta taɓa ta tun farko.

Ɗakin ɗaukar hoton ƙashi shi ne wuri na farko da raina ya ɓaci. An riga an tallafe hannun da katako mai laushi da bandeji, an kuma ba ta maganin zogi, amma mai ɗaukar hoton ya so ya murɗa damtsen don ya samu hoton gefe, maimakon ya juya na'urarsa ya bar hannun yadda yake. Ihun da yarinyar ta yi ne ya dakatar da shi. Na san cewa hoton gwiwar hannun yaro yana da wuyar karantawa, saboda yawancin ƙarshen ƙashin guringuntsi ne da ba ya fitowa a hoto, kuma cibiyoyin ƙashi guda shida da ke wurin, wato wuraren da guringuntsin yake fara zama ƙashi, ba sa bayyana lokaci ɗaya, suna fitowa ne bi da bi tun daga wajen shekara ɗaya har zuwa wajen shekara goma sha ɗaya ko sha biyu. Wannan ya sa ake buƙatar hoto mai kyau ta gaba da ta gefe. Sai dai buƙatar hoto mai kyau ba ta zama hujjar wahalar da yaro mai karaya ba, kuma sashen da ke karɓar yara kullum ya kamata a ce ya koya wa ma'aikacinsa wannan tun tuni.

Babban likitan ƙashi ya zo wajen ƙarfe takwas, ya zauna a gefen gado, ya zana mini ƙashin a bayan wata takarda. Ya nuna mini cewa ƙashin damtse yana faɗaɗa ya zama falale dab da gwiwar hannu, da rami a gabansa da rami a bayansa, ta yadda abin da ya rage tsakanin ramukan biyu siriri ne ƙwarai. Idan yaro ya faɗi a kan miƙaƙƙen hannu, tsinin gwiwar yakan daki ramin baya ya ɓalle ƙashin daga nan. Ita ce karayar gwiwar hannu da ta fi yawa a yara, ta fi samun 'yan shekara biyar zuwa bakwai, kuma a fiye da kashi 90 cikin ɗari guntun ƙashin baya yake turuwa. Likitoci suna rarraba ta bisa tsarin da wani likitan Amurka mai suna John Gartland ya wallafa a 1959. A mataki na farko ƙashin ya tsage amma bai gusa ba, filasta kawai yake buƙata. A na biyu ya lanƙwashe amma bangon bayansa yana haɗe. A na uku kuwa guntayen biyu sun rabu gaba ɗaya, kuma nan ne ɗiyata ta faɗa. Wannan bayani bai ɗauke shi fiye da minti goma ba, bai yi mini magana kamar wanda ba zai gane ba, bai kuma lulluɓe ni da kalmomin likitanci ba.

Da ya ce sai da safe za a yi aikin, na tayar da jijiyar wuya. A ganina yarinyar da ƙashinta ya rabu biyu ba ta da dalilin kwana a haka. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ta ci abinci ba da daɗewa ba kafin ta faɗi, kuma ana so a samu aƙalla awa shida tsakanin cin abinci da maganin sa barci, don kada abin da ke cikin ciki ya taso ya shiga huhu. Ya ƙara da cewa muddin hannun yana da ɗumi, jini yana gudana, ana jin bugunsa, to yin aikin da safe tare da cikakkun ma'aikata da suka huta ya fi yin sa cikin dare da mutanen da suka gaji. Amma idan hannun ya yi sanyi, ko ya yi fari, ko bugun ya ɓace, ya ce a tashe shi ko ƙarfe nawa ne, za a shiga da ita ɗakin tiyata nan take. Na yarda ba don na gamsu ba. Abin da ya gamsar da ni shi ne abin da na gani cikin daren.

Ma'aikaciyar jinyar da ke aikin dare tana zuwa kowace awa da 'yar fitilarta, ta taɓa yatsun, ta danna farce, ta laluba bugun jini, ta miƙar da yatsun a hankali tana kallon fuskar yarinyar, ta rubuta a takardar da ke rataye a ƙarshen gado. Wajen ƙarfe uku na tambaye ta abin da take nema. Ta ce kumburi yana iya taruwa a cikin naman sangalin hannu har ya matse hanyoyin jini, naman ya fara mutuwa cikin awoyi kaɗan, kuma idan aka makara yatsun sukan ƙanƙance su lanƙwashe har abada. Wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, shi ya bayyana wannan naƙasa a 1881, har yau da sunansa ake kiranta. Ta ce ƙaramin yaro ba zai iya cewa zafin ya sauya kama ba, saboda haka abin da ake lura da shi shi ne yaron da ya kasa natsuwa, tsoronsa yana ƙaruwa, maganin zogin da ya ishe shi ɗazu ya daina isarsa. Na ƙirga zuwanta a daren, sau tara ne, kuma ko sau ɗaya ban je nemanta ba. A wurina wannan sintiri shi ne mafi darajar abin da sashen ya yi mana, domin ƙwarewar likitan fiɗa ba ta da amfani ga hannun da aka bari ya lalace kafin gari ya waye.

Da safe likitar sa barci ta zo ta yi tambayoyinta, ta bar ni na raka yarinyar har bakin ɗakin tiyata. Takardar amincewa kuwa an miƙo mini ita a tsaye a baranda, da ƙananan rubutu, ana jiran in sa hannu a gungura gadon, alhali an samu dare guda cur da za a iya ba ni ita in karanta a natse.

Aikin kansa bai kai awa ɗaya ba, kuma ba a tsaga fata ba. Yadda likitan ya bayyana mini, bayan yarinyar ta yi barci sai a ja hannun a hankali har guntun ƙashin ya sauko, a daidaita shi ta gefe, sannan a tura shi gaba ana lanƙwasa gwiwar, ana yi ana duba na'urar hoto mai motsi da ke nuna ƙashin a allo nan take. Idan ya zauna daidai sai a soka siraran ƙarafa ta cikin fata su ratsa karayar su kama ɗaya ɓangaren, a lanƙwasa kawunansu a bar su a waje. Kaurin kowanne bai wuce milimita biyu ba, kuma suna ɗauke da sunan Martin Kirschner, likitan Jamus da ya fara amfani da irinsu a 1909. Ana tsagawa ne kawai idan ƙashin ya ƙi komawa saboda nama ya shiga tsakani, ko idan akwai rauni a buɗe, ko jijiyar jini na buƙatar gyara. Ɗiyata an sa mata ƙarafa uku, dukkansu ta gefen waje. Na tambayi dalili, likitan ya ce wasu sukan sa ɗaya ta waje ɗaya ta ciki su gitta juna, kuma hakan yana riƙe ƙashi da ƙarfi, sai dai ta gefen ciki ne jijiyar da ke zuwa ƙaramin yatsa take bi, wadda mutum yake jin kamar wutar lantarki ta ja shi idan ya buge gwiwar hannunsa. Tunda jijiya ɗaya ta riga ta taɓu, bai ga dalilin kusantar ta biyu ba, alhali uku ta waje da aka ware su da kyau sun isa.

Ya kuma nuna mini hotunan da aka ɗauka a ɗakin tiyata ba tare da na roƙa ba, ya ja layi da biro a gaban ƙashin ya nuna inda ya kamata layin ya ratsa, ya auna kusurwar da ke nuna ko hannun zai karkace. Na ji daɗin wannan, domin mutane da yawa sun yi ta ce mini ƙashin yaro yana gyara kansa. Gaskiya ne a wurare da dama, amma ƙarshen ƙashin damtse na wajen gwiwa kusan kashi 20 cikin ɗari kawai yake bayarwa na tsawon ƙashin, sauran daga wajen kafaɗa yake zuwa, saboda haka karkatar da aka bari a nan ba ta cika miƙewa da girma ba. Yaron da ƙashinsa ya haɗe a karkace yakan tashi da hannun da ya lanƙwasa ciki idan ya miƙe shi, kuma gyaran wannan sai an sake yanka ƙashin.

An fito da ita da rabin filasta a bayan hannu, an naɗe da bandeji, an bar gaban a sake don kumburi ya samu wurin zuwa, gwiwar kuma ba a lanƙwasa ta sosai ba don kada a matse jijiyar jini. An ɗora hannun a kan filo sama da ƙirjinta. Farasitamol da ibuprofen suka wadatar da ita, ta ƙara kwana ɗaya ana ci gaba da duba yatsun.

Ranar sallama ce sashen ya fi ba ni kunya. Bayan duk wannan kulawa, an sallame mu da bayanin baka na minti biyu daga wata ma'aikaciya da ke sauri, babu ko takarda ɗaya da ta lissafa alamun da za su sa mu dawo cikin gaggawa. Abin da na sani game da yatsu masu sanyi, ko kumburin da ke ƙaruwa, ko zazzaɓi, ko wari da ruwa daga ƙarƙashin filasta, na tsince shi ne daga hirar ƙarfe uku na dare, kuma ba kowane uba ne zai yi sa'ar yin wannan hira ba. Mahaifiyar yarinyar, wadda ita za ta wuni da ita, ba ta wurin lokacin da aka yi bayanin. An kuma ba mu ranakun dawowa biyu masu saɓa wa juna, ɗaya a katin asibiti ɗaya a takardar sallama, kuma lambar wayar da aka rubuta mana ta yi ta ƙara kwana biyu babu mai ɗauka. Sai da na koma da ƙafata na tambaya. Kuskure ne mai nauyi, domin hoton da ake ɗauka wajen mako guda bayan aiki shi ne yake nuna ko ƙashin ya gusa tun ana iya gyara shi.

Ƙashin bai gusa ba. Makonnin da suka biyo baya sun tafi ne a fama da ƙaiƙayi, da hana ta cusa fensir a cikin filasta, da naɗe hannun da leda lokacin wanka don kada ruwa ya kai ga ƙarafan ya jawo ƙwayoyin cuta. Kowace ranar ganin likita mukan yi zaman jira na awa biyu zuwa uku don ganawar minti biyar.

A mako na huɗu hoto ya nuna sabon ƙashi ya lulluɓe karayar, aka ce za a zare ƙarafan a ɗakin duba marasa lafiya ba tare da maganin barci ba. Haka ake yi kusan ko'ina, kuma daidai ne, tunda ƙarafan santsi ne da su, ba su da zare irin na noti. Amma babu wanda ya shirya yarinyar. An kwance bandeji, ta ga kawunan ƙarfe uku suna leƙowa daga fatarta a karo na farko, ta ga likita ya ɗauko abin da ba shi da maraba da filaya, sai ta sandare ta ƙanƙame rigata. Zarewar kowanne bai wuce daƙiƙa kaɗan ba, ya ɗan murza ya ja, ɗigon jini ya fito, aka manna auduga. Da aka gama ta dube ni da hawaye ta ce, "Baba, shi ke nan?" Tsoron ya ninka zafin sau da yawa, kuma da wani ya ɗauki minti biyu ya gaya mata abin da za ta gani, ko ya ce in juya fuskarta in ba ta wani abin kallo, da an rage shi.

Hannun ya fito a ƙage, ba ya miƙewa sosai, ba ya kai wa kafaɗa, fatar ta yi laushi tana saɓa. Na nemi a tura mu wurin masu gashin ƙashi, likitan ya ce babu buƙata a yawancin yara, ya kuma gargaɗe ni da kakkausar murya kada kowa a gida ya kama hannun ya miƙar da shi da ƙarfi, ko ya ba ta abu mai nauyi ta ɗauka don ya ja shi, domin tilasta wa gwiwar yana iya ƙara mata ƙagewa. Ya ce a bar ta ta yi wasanta, ta sa tufafinta da kanta, a hana ta hawa da tsalle na wasu makonni kawai. Na fita ina ganin kamar ya raina damuwata, amma cikin mako shida ta fara taɓa kafaɗarta, miƙewar kuwa ta fi jinkiri, kuma ya ce ƙarashenta na iya ɗaukar shekara.

Jijiyar ce ta fi hana ni barci. An gaya mini cewa irin wannan rauni yawanci jijiyar ja ko matsa aka yi ba tsinkewa ba, kuma takan farfaɗo da kanta cikin wata biyu zuwa uku, wani lokaci har shida, kafin a fara maganar wani bincike. Kowace safiya nakan ce ta yi mini zobe, yatsun su haɗu a miƙe. A mako na goma tana zaune tana ƙoƙarin sa maɓallin rigarta, sai na ga kan babban yatsan ya ɗan lanƙwasa ya kama maɓallin. Bayan mako biyu zoben ya zagaye tsaf.

Idan wani uba ya tambaye ni ko zai kai ɗansa wannan sashe, zan ce ya kai shi, domin likitocinsa da ma'aikatan jinyarsa na dare sun san aikinsu a wuraren da kuskure ke jawo naƙasa. Zan kuma ce masa ya riƙe biro da takarda, ya tambayi matakin karayar, ya nemi a gwada jijiyoyin a gabansa kafin tiyata, ya ƙi barin asibitin sai an rubuta masa alamun haɗari da ranar dawowa guda ɗaya tak, domin sashen ba zai yi masa waɗannan da kansa ba.

A ganawarmu ta ƙarshe likitan ya tsayar da ita ta miƙe hannayenta biyu, tafukan suna kallon gaba, ya gwada karkatar na hagu da ta na dama, ya ce sun yi daidai, saura kaɗan miƙewar ta cika. Tabo uku ne suka rage a gefen gwiwar, kowanne kamar ɗigon biro. Na gaya masa batun takardar sallama da ranakun da suka saɓa da wayar da ba a ɗauka, ya rubuta a gefen fayil ɗin ya ce zai kai maganar taron sashe. An ba mu wata rana bayan wata shida don a sake auna hannun, kuma a wannan karon na tsaya a gaban magatakarda har sai da ranar da ke katin ta zo ɗaya da wadda ke cikin kwamfutarsa.